Roba Mai Zurfin Ciki: Lacca Kan Allunan Harbi na Roba da Yadda Ake Kula da Su



Abubuwa uku aka fi kafawa a gaban mai koyon harbi: takarda, ƙarfe da roba. Takarda ba ta da rufi. Harsashi goma suka ratsa ta, huda goma za a ƙirga, in ta yi kaca-kaca a yage ta a manna wata. Ƙarfe ma yana faɗin halin da yake ciki, domin da zarar ya fara gajiya sai fuskarsa ta yi ramuka, ko kurtun da ya shigo bariki jiya ya duba zai gane. Roba ce mai zurfin ciki. A harbe ta sau ɗari, a je a duba, a tarar da ita sumul, sai 'yan ɗige-ɗige da ba a ganinsu sai an matso. Wannan hali ya sa ake sonta, kuma shi ne yake yaudarar masu amfani da ita, har su ɗauka abu ce da ba ta tsufa, ba ta cutarwa, ba ta buƙatar a waiwaye ta.

Halin ya samo asali ne tun 1839, lokacin da wani Ba'amurke mai suna Charles Goodyear ya gano cewa in aka dafa ɗanyen danƙo da farar wuta, sai ya daina narkewa da zafi, ya daina sandarewa da sanyi. Farar wutar tana ɗaure zaren danƙon da juna, ta yadda in aka ja shi zai miƙe, in aka sake shi ya koma mazauninsa. Ya sami takardar mallakar wannan fasaha a 1844, kuma a kanta aka gina sana'ar taya gaba ɗaya. Duk wanda ya taɓa ganin ma'aikaciyar asibiti tana zuƙo magani daga kwalbar allura ya ga yadda allon roba yake aiki: allura ta shiga murfin, ta fito, murfin ya rufe, magani bai zuba ba. Harsashi mai zagayayyen baki ba ya yanke robar, ture ta yake gefe ya wuce, ita kuma ta dawo ta haɗe bayansa. A wasu nau'o'in ma zafin gogayyar harsashin yana tausasa gefen hudar har ya manne. Akwai wani filastik mai suna Surlyn da kamfanin DuPont ya ƙirƙiro, wanda ake lulluɓe ƙwallon golf da shi, da masu bincike a jami'ar Virginia Tech da cibiyar NASA ta Langley suka yi nazarin yadda yake rufe huda bayan harbi, don suna hangen amfaninsa a tankunan mai da jikin kumbo.

Kasuwar waɗannan alluna a Amurka ta fi ƙarfi, inda harbi wasa ne na miliyoyin mutane. Akwai masu faɗi da ake rataye su kamar faranti. Akwai ƙwallaye da 'yan dunƙule-dunƙule da ake ajiyewa a ƙasa, in an same su su yi tsalle su gangara. Akwai kuma mutum-mutumi daga ƙugu zuwa kai, irin wanda kamfanin Rubber Dummies yake yi da niƙaƙƙun tsofaffin tayoyi; ana fesa masa farin fenti, duk inda harsashi ya shiga sai baƙin tabo ya bayyana, in an gama a sake fesawa. Ruwan sama ba ya jiƙa su kamar takarda, mutum ɗaya yana iya ɗauka, kuma ba sa fasa harsashi ya tarwatse kamar yadda ƙarfe yake yi. Saboda wannan tarwatsewar ce ƙungiyar wasan harbi ta IPSC ta hana a tsaya ƙasa da mita 7 daga allon ƙarfe da ƙaramar bindiga, ko ƙasa da mita 50 da babba. Roba ta rage wannan matsala sosai. A Najeriya kuwa, inda Dokar Bindigogi ta 1959 ta ɗaure mallakar bindiga da lasisi, masu hulɗa da irin waɗannan kaya galibi jami'an tsaro ne da 'yan wasan harbi masu rajista, don haka maganar tasu ce kafin kowa.

Kuskuren farko, wanda ya fi kowanne muni, shi ne rikita roba iri biyu. Akwai wadda aka yi don harsashi ya ratsa ta ya wuce, ita ce allon harbi. Akwai kuma wadda aka yi don ta haɗiye harsashi ta riƙe, irin tubalan roba masu kauri da tsibin dakakkiyar roba da ake jibgewa a ƙarshen fili. Duka baƙaƙe ne, duka warin taya suke yi, amma aikinsu ya saɓa. Allon roba ba ya tare komai. Harsashin da ya fito ta bayansa yana nan da kusan dukkan ƙarfinsa, kuma wani lokaci robar takan ɗan karkatar da shi daga layin da ya taso a kai.

Nisan da zai iya tafiya ba na wasa ba ne. Ƙaramin harsashin .22, wanda wasu ke rainawa, yana iya cin kimanin kilomita 1.5. Na 9mm, bisa littattafan sojan Amurka, yana kai mita 1,800. Na bindigar M16 kuwa mita 3,600. Wato mai noma a gonarsa, wanda ko ƙarar harbin da ƙyar yake ji, yana cikin haɗari in babu abin da ya tare harsashin. Kanar Jeff Cooper, tsohon hafsan sojan Amurka da ya kafa makarantar koyon harbi a jihar Arizona a 1976, ya shahara da ƙa'idoji huɗu, kuma ta huɗunsu tana magana ne a kan mai harbi ya tabbatar da abin da yake auna da abin da ke bayansa. A kan allon roba, rabin ƙa'idar na biyu ya fi nauyi. Shi ya sa ake gina ganuwar ƙasa a ƙarshen fili, wadda a Amurka aka fi ba da shawarar ta kai ƙafa 20, kimanin mita 6, kuma fuskarta ta zama yashi ko ƙasa mai laushi da aka tankaɗe duwatsu daga cikinta har zurfin kusan rabin mita. Shi ya sa kuma rundunar sojan Najeriya takan fitar da sanarwa kafin atisayen harbi a wurare irin su Jaji da Kachia, tana gargaɗin manoma da makiyaya da masu itace su nisanci filin. Jan tuta da sanarwa suna nan ko da allon na roba ne.

Ƙwallayen ƙasa suna da nasu sharrin na daban, kuma a hankali yake shigowa. An ajiye ƙwallon a gindin ganuwa, daidai yadda ya kamata. Harbi na farko ya same ta, ta yi tsalle ta koma hagu. Na biyu ya ƙara tura ta. Mai harbi ya ji daɗi, 'yan kallo suna shewa, bakin bindiga yana bin ƙwallon taku bayan taku. Kafin a ankara ta bar gaban ganuwa, ta gangara gefe inda babu komai a bayanta sai fili. Kuma harbin abin da ke ƙasa yana nufin harsashi zai daki ƙasar a kwance, in kuwa ƙasar ta bushe ta yi tauri irin marmarar rani, ko akwai tsakuwa, ko ruwa ya kwanta, sai ya zille ya tashi sama ya tsallake ganuwar. Malamin da ya san aikinsa yakan ja layi biyu a ƙasa tun kafin a fara. Ƙwallo ta ƙetare layi, a tsayar da harbi, a cire harsasai, a buɗe bindigogi, sannan wani ya je ya dawo da ita.

Abin da ya fi ba sababbin shiga mamaki shi ne cewa harsashi mai rauni ya fi mai ƙarfi haɗari a kan roba. Hankali yakan ɗauka akasin haka. Harsashin 9mm yana barin bakin bindiga da gudun kimanin mita 350 a sakan ɗaya, na AK-47 kimanin mita 715, duka suna huda roba su wuce. Amma ƙwayar ƙarfen bindigar iska irin ta yara, wadda gudunta bai fi mita 100 da 'yan kai ba, ba ta da ƙarfin hudawa. Sai robar ta lotsa, ta karɓi ƙarfin, ta mayar da shi, ƙwayar ta dawo ta hanyar da ta zo, wato wajen fuskar wanda ya harba. Saboda haka kamfanoni suke rubuta gargaɗi a jikin kwali cewa kada a yi amfani da bindigar iska, wasu kuma su ƙara da ƙananan ƙwayoyin harbin tsuntsu, su kuma faɗi mafi ƙarancin gudun da suka yarda da shi. A Birtaniya, inda filayen harbi na cikin gini suke rataye labulen jar roba mai suna Linatex a gaban farantin ƙarfe don ya tare ɓarɓashin harsashi, an daɗe da sanin cewa ƙwayar bindigar iska tana dawowa daga jikinsa. Ita wannan robar a ƙasar Malaya aka fara yin ta a shekarun 1920, don aikin haƙar ma'adinai, daga baya masu harbi suka are ta. Nisa ma yana rage gudu, don haka harsashin da ya huda allo a mita 10 ba lalle ne ya huda shi a can nesa ba.

Bindigar toka ta maharbanmu ba ta da wuri a wannan lissafi. Albarushinta da hannu ake aunawa, abin da aka ɗura mata yau ba shi ne na gobe ba, babu mai iya cewa ga gudun da zai fita da shi. A bar ta da takarda da tudun yashi.

Ga wani ɗan abu da ake tuntuɓe a kansa: kayan Amurka da yadi da ƙafa ake rubuta su. Yadi ɗaya bai cika mita ba, santimita 91 ne, kuma gudun ƙafa 1,000 a sakan yana daidai da mita 305. Wanda ya karanta lamba bai karanta ma'aunin ba ya yi rabin karatu. Tabarau na kare ido kuma ba na ado ake nufi ba; wanda aka gwada ƙarfinsa yana ɗauke da alamar Z87 in na Amurka ne, ko EN 166 in na Turai ne, kuma ya rufe har gefen ido. Duk wanda ke filin zai sa, har mai riƙe da takardar maki. Ƙarar bindiga takan wuce desibel 140, iyakar da kunne ke iya ɗauka lokaci guda, kuma roba ba ta rage ko ɗigo daga cikinta.

Sai maganar tsufa, wadda ita ce zuciyar wannan lacca. Ba kowane harsashi ke barin roba ta warke ba. Mai rami a baki da mai shafaffen baki suna yankar nama su fita da shi, su bar huda da ba za ta rufe ba, don haka suna cinye allo cikin ɗan lokaci. Wannan asarar kuɗi ce kawai, kuma ido yana ganinta. Wadda ido ba ya gani ta fi damuwa. A roba mai kauri, musamman tubali da ƙirjin mutum-mutumi, ba kowane harsashi ke fita ba. Wani yakan maƙale. Na bayansa ya zo ya same shi, ya fashe, ya bar rigarsa ta tagulla. Tun da kowa tsakiya yake aunawa, a hankali sai dunƙulen dalma da tagulla ya taru a wuri guda, a ƙarƙashin fatar da har yanzu take sumul. Daga ranar nan mai harbi yana ganin roba yake harbi, alhali ƙarfe yake duka, kuma ƙarfen da ba shi da shafaffiyar fuska, wanda ba a san inda zai watsa ɓarɓashi ba.

Gano wannan aikin hannu ne, ido ba ya wadatarwa. Mai kula da fili zai sa safar hannu mai kauri, domin gefen tagulla yana yanka kamar reza, ya sauke allon, ya danna shi da babban yatsa daga gefe zuwa tsakiya. Inda roba take lafiya za ta lotsa ta dawo. Inda ta cika za a ji tauri, ko kumburi ta baya, ko a ji nauyinta ya ƙaru a kan yadda aka saba. Zai lanƙwasa mai faɗin ya ga ko tsaga za ta buɗe, ya ɗaga shi ga rana ya ga ko haske yana ratsawa. Tubalan da ke tare harsashi kuwa ana juya su, a mayar da na tsakiya gefe, na gefe tsakiya, kafin ɗaya ya ƙoshi. Allon da ya cika ba a yi masa faci. Mai faci gwani ne a kan tayar mota, amma manna sabuwar roba a kan tsohon dunƙule ƙara ɓoye cutar ne.

Abin da ke riƙe da allon ma abin dubawa ne. Sau da yawa robar ba ta da laifi, kusa ce ko noti ko ƙafar ƙarfe ta mayar da harsashi. Katako da igiya sun fi aminci, in kuma dole sai ƙarfe, to a ɓoye shi daga layin harbi. Nan ne maganar tsohuwar taya take shigowa, domin duk inda aka ce roba, wani zai ce ai ga tayoyi nan zube a bakin tasha kyauta. Tayar zamani ba roba ce zalla ba. Tun da kamfanin Michelin ya fito da samfurin radiyal a 1946, ɗamarar wayar ƙarfe ta zama ruwan dare a ƙarƙashin tafin taya, ban da zoben waya mai kauri da ke bakinta. Ga ta kuma zagayayya, harsashi yana iya shiga ya bi cikinta ya fito ta wani gefen da ba a zata ba. Kamfanonin da ke yin allo da tsohuwar taya sai sun niƙa ta, sun zare wayar da maganaɗisu, sannan su sake curawa. Wanda ya jera tayoyi yadda suke ya tsallake matakin da ya fi muhimmanci, kuma da damina ya buɗe wa sauro gidan haya.

Wuta ita ce haɗarin da ya fi cin rai lokaci guda. Ba dukkan albarushi ke ƙonewa a cikin bindiga ba. Kowane harbi yana fesa 'yan ƙwayoyi da ba su kama ba, su zuba a gaban mai harbi, su shige tsagar daɓe da cikin kayan rufin bango da tsibin roba. Ranar 14 ga Nuwamba, 2009, gobara ta tashi a wani filin harbi na cikin gini kusa da kasuwar Gukje a birnin Busan na Koriya ta Kudu. Mutum 15 suka rasu, 10 daga cikinsu 'yan yawon buɗe ido ne daga Japan. Masu bincike sun ɗora abin a kan ragowar albarushi da ya taru, wanda tartsatsin harbi ya kunna, wutar ta kama soson da aka manna a bango don rage ƙara. A watan Fabrairun 2013 kuma wani filin harbi a birnin Dallas na jihar Texas ya ƙone, bayan wani ya saɓa dokar wurin ya harba harsashi mai wuta a gindi, irin wanda sojoji ke amfani da shi don ganin layin harbi da dare. Can ba a rasa rai ba, amma ginin ya tafi. In irin wannan ta faru mutane sukan ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Gaskiya ne, amma tsautsayin Busan an yi kwanaki ana tara masa makamashi a ƙasa ba a share ba.

Roba ba ta saurin kamawa, amma in ta kama ba ta jin rarrashi. A 1990 tarin tayoyi fiye da miliyan 12 ya kama wuta a garin Hagersville na ƙasar Kanada, aka yi kwana 17 ana fama. Hayaƙinta baƙi ne, mai kauri, mai guba, a cikin rufaffen gini shi ke kashe mutum kafin harshen wuta ya iso. Don haka masu yin tsibin dakakkiyar roba suke fesa mata maganin hana kama wuta, kuma maganin yana buƙatar sabuntawa duk lokacin da aka tankaɗe tsibin aka fitar da harsasai. Yagaggun takardun allo da ke faɗawa ciki dole a tsince su. Harsashi mai wuta haramun ne a kan kowace irin roba, mai zuciyar ƙarfe ma ana gudunsa don yana tayar da tartsatsi. A filin waje kuma, lokacin hunturu da ciyawa ta bushe, share kewayen ganuwa yana cikin aikin.

Dalma ba ta da gaggawa irin ta wuta. A nan roba tana da abin yabo, domin tana kama harsashi da ɗan dama-dama, ba ta niƙe shi ya zama ƙura kamar farantin ƙarfe. Amma ba ta kawar da matsalar ba, tun da wani kason dalmar daga bakin bindiga yake fita, daga sinadarin da ke kunna albarushi da kuma gindin harsashin da zafi ya lasa. Ƙurar takan sauka a kan allo, kuma fatar roba tana riƙe ta. Hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Amurka ta ƙayyade maikrogiram 50 a kowace kubik mita ta iska, a aikin awa 8. Cibiyar bincike ta Amurka mai suna NIOSH, a gargaɗin da ta fitar a 2009, ta nemi iska ta riƙa tasowa daga bayan mai harbi tana tafiya wajen allo, da gudun kimanin mita 23 a minti. A 2014 jaridar Seattle Times ta buga wani dogon bincike kan filayen harbi, inda ta kawo labarin wani fili a garin Bellevue da aka yi wa gyara a 2012, mutum 46 suka kwashi dalma, har da mata da yaran wasu leburori da ba su taɓa taka wurin ba. A jikin tufafi da takalma aka kai musu gida.

Mutanen arewacin Najeriya ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani kan wannan hanya. A 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka gano gubar dalma a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum a jihar Zamfara, inda yara aƙalla 400 suka rasu saboda ƙurar dutsen zinariya da ake daka a cikin gidaje. A 2015 abin ya sake ɓulla a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja. Yawan dalmar filin harbi bai kai na can ba, amma ƙofar shigarta ɗaya ce: hannu, baki, riga, tabarmar da yaro ke rarrafe a kai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadi na dalma a jini da za a kira marar illa. Saboda haka ba a ci, ba a sha, ba a busa taba a layin harbi. A nan gida sai a ƙara da goron da ake ɓarawa da yatsa, da ledar ruwan da ake hudawa da haƙori bayan an riƙe ta da hannun da ya taɓa allo. A wanke hannu da fuska da sabulu kafin a kai komai baki, kuma kafin alwala, tun da alwala tana kai ruwa baki da hanci da hannun. Kayan fili a cire su a fili, a wanke su daban da na iyali. Tsintsiya ba ta shiga, domin tayar da ƙurar take yi. Da jiƙaƙƙen tsumma ake gogewa, ko da injin zuƙe ƙura na musamman mai matatar HEPA wanda aka ƙera don kada ya kunna albarushi.

Ajiya ita ce inda yanayinmu ya fi gwada roba. Maƙiyanta rana, zafi, mai, da iskar ozon da injinan lantarki da na walda suke fitarwa. Ƙa'idar duniya ta ajiyar kayan roba, ISO 2230, ta nemi wuri mai duhu da zafinsa bai wuce digiri 25 ba. A Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu, inuwa kanta takan wuce 40, balle cikin kwantenar ƙarfe da aka rufe a tsakiyar fili, wadda ita ce sito a wurare da yawa. Robar da ta sha irin wannan gashi takan yi fari-fari, ta tsattsage, ta yi tauri, kuma robar da ta yi tauri ta daina warkewa, ta koma mai mayar da harsashi. Abin da aka rubuta a kwali game da tsawon ranta an auna shi ne a wani yanayi, ba namu ba. A sauke alluna bayan atisaye, a kwantar da su a shimfiɗe a ɗaki mai iska, nesa da janareto. Kada a goge su da fetur ko kananzir, kada a shafa musu baƙin mai don su yi ƙyalli, domin mai yana kumbura roba ya ruɓar da ita, ya kuma ƙara mata son wuta. Ruwa da sabulu sun isa, ruwan wankin kuma kada a zubar da shi inda zai gangara rijiya. Sanyi ma yana sandarar da ita, don haka allon da ya kwana a waje a Jos cikin Disamba a bar shi ya sha hantsi tukuna.

Ko a matakin manyan gasannin harbi ba a tsira daga wannan kulawa ba. Allunan lantarki irin na kamfanin SIUS na ƙasar Suwizalan da Kongsberg na Norwe, waɗanda ke aiki da sauti, suna da ɗamarar roba da ke rufe wani akwati mai makirfo a kusurwoyinsa. Harsashi ya huda robar, makirfo su ji, kwamfuta ta lissafa inda ya shiga. In robar ta ci huda ta daina rufewa, lissafin yakan karkace, shi ya sa ake gusar da ɗamarar lokaci-lokaci ana kuma canja ta.

Tun da roba ba za ta faɗi shekarunta ba, sai littafi ya faɗa. Kowane allo a rubuta masa lamba a baya. A littafin fili a sa ranar da ya fara aiki, irin harsashin da aka harba masa, kimanin adadinsu, da ranar da aka duba shi da sunan wanda ya duba. Kamfani ya faɗi adadin da kayansa ke ɗauka, a ɗauki wannan a matsayin iyaka, kada a jira a kai can in yatsa ya riga ya ji tauri. Aiki ne na minti biyar da malamin da ke kan aiki zai yi kafin ya sa hannu ya tashi, kuma shi ne ke sa wanda ya karɓi fili gobe ya san abin da ya gada.

Allon da aka yi wa ritaya ba shara ba ne irin ta kullum, dalma ce a cikin rigar roba. A garuruwanmu tsohuwar roba ba ta rasa mai so: 'yan gwangwan za su tsinta, masu babbakar ƙafar sa da ganda a wasu mayanka da taya suke hura wuta, yara kuma suna neman abin yin danƙon harbi. Dalma tana narkewa a digiri 327, wutar roba kuwa ta wuce haka nesa, don haka allo ɗaya da ya faɗa murhun babbaka zai kai gubarsa kan nama da huhun mai aikin. Wanda aka cire a yanka shi gida biyu don kada wani ya sake kafa shi, a zuba shi a durom mai murfi da aka rubuta gargaɗi a jikinsa, a kulle, a miƙa shi tare da harsasan da aka tankaɗo daga ganuwa ga kamfanin da ke da izinin sarrafa dalma daga hukumar kula da muhalli.